Riyal 38,000, kuma gaskiyar tana rubuce a takardar da ke hannuna

Jama'armu mazauna Jidda da Makka masu neman mota ta hannu, ku ji abin da wani dillali ya yi mini. Ɗan gida ne, Bahaushe, da Hausa muka yi ciniki tun daga sallama har zuwa Allah sa albarka. Camry 2016, riyal 38,000. Ban da riyal 1,000 na la'ada da ya karɓa yana yi mini addu'ar Allah ya tsare hanya.

Abin da ya hana ni barci shi ne takardar fahas ɗin nan, wato ta binciken lafiyar mota, ni na riƙe ta. Da hannuna. Ni na ce sai an kai motar wurin bincike kafin in biya, ni na biya kuɗin binciken, kada wani ya zo yana ce mini na yi gaggawa. Shekarata 9 a ƙasar nan, ina jin Larabci, ina karanta shi. Amma Larabcin gareji daban yake da wanda muka koya a makaranta, ga rubutun makanike a cakuɗe. Injiniyan ya miƙo mini takardar, ya dube ni ya ce "fahimt?", wato ka gane? Kafin in buɗe baki dillalin ya amsa a madadina, ya zare ta daga hannuna ya ce, "Alhaji kawo in karanta maka, ai ba zan cuci ɗan'uwana a ƙasar mutane ba." Maganar nan kullum sai ta dawo mini. Ba zan cuci ɗan'uwana ba. Na ga injiniyan ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya juya.

Mako uku bayan nan, a hanyar Makka wajen Bahra, fitilar baƙin mai ta kama. Kai, tun kafin ma wannan, ranar da muka sauya sunan mai mota a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, na ji sitiyari yana ja dama, na kira dillalin ya ce iskar taya ce. Na yarda. Sai da makaniken da na sani a Sana'iyya, unguwar makanikai, ya ɗaga motar, ya karɓi ita wannan takardar ya karanta mini layi-layi.

An rubuta "rash hizam". Shi dillalin ya ce mini ɗan gogewa ne aka shafe da fenti. Ashe an fesa wa jikin motar fenti ne zagaye. An rubuta "ma'ajun" a ƙofofi biyu, wato an cike wajen da ya lotse da foti sannan aka rufe da fenti, wannan ko karanta shi bai yi ba, tsallakewa ya yi. An rubuta "taudib" a gaban makina, wato inji, dillalin ya ce ai sabis aka yi mata kwanan nan, ka ma huta. Taudib kuwa buɗe inji ne gaba ɗaya a sake haɗa shi. "Tahrib zait" na gani da idona, ni kuma tahrib da na sani fasa-ƙwauri ne, har na tambaye shi, ya ce kalmar makanikai ce kawai. Yoyon mai ne! Wanda ya fi ƙona mini zuciya shi ne "sahab shas" na gaba. Motar ta yi hatsari har shasinta, ƙarfen da ke riƙe da jikinta, ya lanƙwashe, aka ja shi da inji aka miƙar. A wannan motar na ɗauki iyalina zuwa Umra. Riyal 38,000 na ba da don in sa 'ya'yana a motar da shasinta ya taɓa lanƙwashewa.

Af, na manta, tun ranar farko dillalin ya nuna mini cewa ta ci fahas dauri, binciken da hukuma ke yi wa motoci lokaci-lokaci, yana ta nanatawa. Fahas dauri birki da fitilu da taya da hayaƙi yake dubawa, ba tarihin mota ba. Da na ciro rahoton Mojaz, mai nuna tarihin mota, daga baya, hatsari biyu na gani a rubuce. Gyara kuma an ce mini riyal 9,500, kuma ko an gyara ba za ta koma kuɗinta ba. 38,000 da 1,000 da 9,500. Tarin shekara biyu da rabi ke nan, kuɗin da na yi niyyar aikawa gida a ƙarasa gini.

Kada ku bar mai sayarwa ko dillalinsa ya fassara muku takardar fahas. Ku ɗauki hotonta ku tura wa makanikenku, ku ciro Mojaz kafin ku ba da ko kafin alƙalami.

Yanzu dillalin ba ya ɗaukar wayata, ya ce wa wanda ya haɗa mu wai ai na ga takarda na amince. Na gani, amma wa ya karanta mini? Hoton takardar yana nan, hirarmu ta WhatsApp tana nan, har da muryarsa inda yake cewa "bodi wakala ne, inji ba a taɓa shi ba", wato wai jikin motar yadda kamfani ya ƙera shi yake. Yau da daddare zan sa su duka in na rufe lambobin mutane.