Borin silinda ko canjin kiranshaf: wanne ya fi ƙara girman inji?

Malam, ka ce bakanike zai yi wa injin motarka borin, wato faɗaɗa ramin silinda da fistan ke hawa da sauka a ciki, kana kuma tambaya ko hakan zai ƙara masa girma kamar yadda sauya kiranshaf, wato sandar ƙarfe mai gwiwoyi da fistan ke juyawa, yake yi. Duka biyun suna ƙarawa, amma ratar da ke tsakaninsu babba ce.

Girman inji, wato cc ɗin da ake faɗa, ya dogara ne kan faɗin ramin silinda, da nisan tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa, da yawan silinda. Borin yana faɗaɗa ramin, shi kuwa kiranshaf mai dogon gwiwa yana tsawaita tafiyar.

A lissafi faɗi ne ke kan gaba, domin sau biyu yake shiga cikin ninki. Dubi Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna: injinta na 1796cc yana da faɗin milimita 84 da tafiyar 81, na 1971cc kuma faɗinsa 88 ne, tafiyar tana nan yadda take. Milimita 4 kacal suka kawo 175cc. Toyota ta bi ɗaya hanyar a injinan Corolla, inda 3ZZ da 1ZZ suke da faɗi ɗaya na milimita 79, amma tafiyar 3ZZ 81.5 ce, ta 1ZZ kuma 91.5, girmansu kuwa 1598cc da 1794cc. Kenan sai da aka ƙara milimita 10 kafin a samu 196cc.

Sai dai wannan aikin kamfani ne, wanda tun wajen zane ya bar wa ƙarfe kauri. A gareji bangon silinda ba ya ɗaukar irin wannan kankara, domin bayansa hanyar ruwa ce, idan kuma ya yi siriri inji zai riƙa zafi ko ma ya tsage. Abin da aka saba cirewa shi ne milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistan da ringi masu ɗan girma. A inji mai awon 1ZZ, rabin milimita bai wuce ƙarin 23cc ba, wanda ƙafarka ba za ta ji shi a totur ba. Ƙarfin da mutane ke cewa ya ƙaru bayan borin, yawanci wanda ya zurare ta tsohon ringi ne ya dawo.

Masu gyaran injin Chevrolet 350 a Amurka (350 ɗin girmansa ne a awon kubik inci, ba cc ba) sun nuna bambancin a fili. Idan suka yi borin na inci 0.030, girman yana komawa 355 ne kawai, amma da zarar an ɗora kiranshaf mai tafiyar inci 3.75 maimakon 3.48, sai ya kai 383. Ribar ita ce ƙarfin ja tun inji bai yi gudu sosai ba. Wahalar kuwa tana da yawa: dole a nemi fistan ko konrod (sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf) da suka dace don kada fistan ya bugi kan inji, a ɗan kankare cikin bulok don gwiwar ta samu wurin juyawa, a daidaita nauyin kayan, sannan a lura cewa matsin iska ya hau, fistan kuma yana tafiya da sauri fiye da da, abin da ke hanzarta cin ƙarfe.

A ganina, idan injinka yana hayaƙi yana shan baƙin mai, ka yi borin a matsayin gyara, ka kuma tabbatar an auna ramin kafin a sayo fistan. Idan kuwa ƙarin girma kake nema a motar hawa ta yau da kullum, ɗora babban injin da kamfanin ya riga ya ƙera wa wannan samfurin ya fi sauƙi a kan farautar kiranshaf na musamman.