Tsohon injin filena na Wadkin, wata takwas a shagona

A Panteka ta Kaduna na tsince shi, a bayan wani shago, damina ta sha dukansa. Tsatsa ta rufe teburansa biyu, amma sunan yana nan a jikin ƙarfen: Wadkin, Leicester. Kamfanin Ingila ne da ya fara tun 1897. Maigidana da ya koya mini kafinta ya ɗora hannu a kai ya ce, "Saye shi, yaro, ƙarfen lafiya yake." Sai da majiya ƙarfi shida suka taru kafin ya hau a-kori-kura.

Kwana huɗu na yi ina gogar tebur da kananzir da samfefa. Na ƙi sa injin gurza ƙarfe, domin da zarar tebur ya yi kwari, katako ba zai ƙara fita a miƙe ba. Boris biyu da bel na canza, mai rewaya ya sake naɗa moton. Wannan duk mai sauƙi ne.

Inda na sha wuya shi ne saita wuƙaƙe. Dole bakin kowace wuƙa, a daidai inda ta fi tashi, ya yi daidai da teburin baya, wato wanda katako ke hawa bayan ya wuce wuƙaƙe. In teburin ya yi ƙasa, injin zai ciji wutsiyar katako ya bar rami. In ya yi sama, katakon zai tokare, ko ya fito gefe guda siriri. Nakan ɗora miƙaƙƙiyar rula a teburin, in juya gangar wuƙaƙen da hannu, in ga ta ja rular kamar milimita 3, a wannan gefe da wancan. Ranar farko har la'asar ta yi ban gama ba, kuma na ɓata falankin malaina biyu wajen gwaji.

Da ya saitu kuwa, kai! Na wuce madaci biyu, cin milimita 1 kowane zagaye, na haɗa bakinsu na ɗaga wa rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba. Nauyinsa ne sirrin: ba ya rawa, ba ya karkarwa, ko iroko mai tauri aka tura masa. Aikin da nake kwana biyu a kai da filen hannu, yanzu kafin azahar na gama.

Yana da nasa matsaloli. Wuta mai layi uku yake ci, in an ɗauke, ƙaramin janareta ba ya tada shi. Kuma na same shi babu murfin wuƙa, wanda ya riƙe shi kafin ni ya yar. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na san kafintoci fiye da ɗaya da filena ta rage musu yatsu. Na sa an ƙera murfi kafin in kunna shi. Yaran shago kuma na kafa musu doka: guntun da bai kai santimita 30 ba, ba ya hawa, kuma da katakon turawa ake turawa, ba da tafin hannu ba.