Injin jirgina ya ƙi riƙe silo, sai da na kai shi wajen wani dattijo a Sabon Gari

Injina Yamaha Enduro ne mai doki 15, silinda biyu, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Na hannu na saye shi shekara huɗu da suka wuce. Da shi nake shiga kogin Galma a nan Zariya in zuba birgi, wato ragar kamun kifi, idan damina ta yi nisa kuma ruwa ya shafe mashigi, nakan tsallakar da manoma da kayansu ta wajen Dakace. Tukunyar gidana a kan wannan injin take, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani a hannun mutumin da ya gyara mini shi, har da abin da bai yi mini daɗi ba.

Ciwon ya fara ne da saukar ruwan farko na bana. Igiya ɗaya ko biyu ya tashi. Idan na murɗa totur ya ɗauki wuta, sai ka rantse jiya aka fasa kwalinsa. Amma da zarar na sassauta hannu sai ya soma tari, ya yi atishawa sau biyu, ya yi tsit. Wani lokacin yana silo lafiya lau, wato yana aiki a hankali ba a murɗa totur ba, ina jefa giya sai ya mutu kamar an hure fitila.

Wanda ba ya aikin ruwa zai ɗauka ƙaramin abu ne. Mota idan ta mutu a silo kana da birki. Jirgi ba shi da birki, kuma da farfela ta tsaya ka rasa sitiyari, sai inda ruwa ya kai ka. Ga shi aikinmu mai muhimmanci duk a hankali ake yin sa: zuba birgi, ɗaga shi, da kusantar gaɓa. Wata rana a cikin Agusta ina ɗauke da mata huɗu da buhunan ɗanyar masara, saura kaɗan mu taɓa ƙasa na rage wuta, injin ya ɗauke. Ruwa ya juya mana jirgi a gicciye, wata tsohuwa ta kama salati tana riƙe da jikanta. Da filafili na fitar da mu, can ƙasa da mashigi. A daren nan ban yi barci ba, kuma ban sake ɗaukar kowa ba sai bayan an gyara.

Matsalarmu a Zariya ita ce injin jirgi baƙo ne. Ba Yawuri ba ce ko Lokoja, inda yaro ke tasowa yana jin ƙararsa. Na fara kai shi wajen mai gyaran babur, ya canza fulogi sau biyu, ya ɗaure kusar silo har injin yana ruri a tsaye, idan na sa giya sai ka ji ƙaras kamar haƙori zai karye. Na kai wa mai gyaran janareto, ya ɗora shi a kan benci ya tayar ba ruwa. Nan na yi tsalle na kashe, domin robar da ke tura ruwan sanyaya injin ba ta jure gudu a bushe, nan da nan take ƙonewa. Shi ne ya ce ringi da fistin sun tafi, ya yanka mini kuɗin da ya fi abin da nake samu a wata biyu. Ban ce mugunta ce ba. Ba aikinsu ba ne.

Wani tsohon masunci ne ya kwatanta mini dattijon. Mutumin Yawuri ne, ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran injinan jirage a tafkin Kainji, yanzu yana Sabon Gari a cikin layin masu gyaran janareto, yawancin aikinsa injinan ban-ruwa ne na 'yan lambu. Rumfar kwano ce kawai, ba allo, ba suna. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne wani duro da na gani a gefe cike da ruwa, an ɗaure katako a bakinsa. Wanda ya tanadi wannan ya san me ake ce da injin jirgi.

Na sauke injin daga a-daidaita-sahu, na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi injin, ya dube ni.

"Ɗana, ina tankin? Ina tiyon?"

Na ce, "Baba, suna gida. Ai injin ne ba shi da lafiya."

Ya ce in koma in ɗauko su, da man da ke ciki, kada in zubar ko ɗigo. Gaskiya raina ya sosu, don kuɗin mota ya ninka. Daga baya na gane ba ya wasa.

Kafin ya taɓa sifana sai da ya yi mini tambayoyi kamar na asibiti. Ina injin ya yi rani? Na ce a zaure, jingine da bango, tun bayan da ruwa ya ja. Na ƙarar da man da ke cikin kafireta kafin in ajiye? Na ce a'a. Ina nake sayen fetur? Na faɗa masa gaskiya: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake sayen galan-galan a bakin titi gwargwadon abin da ke aljihuna, wanda ya rage kuma ba na iya zubarwa, ko ya yi wata nawa. Da me nake auna baƙin mai? Da gwangwanin madara, ina ƙara kaɗan a kai don injin ya ji daɗi. Bai yi mini faɗa ba, ya dai gyaɗa kai.

Ya ɗaura injin a duro, ya tayar, ya tsaya yana kallon ruwan da ke tsartuwa ta baya, wanda muke ce wa fitsari. Sai da ya ga yana fita sosai sannan ya rage wuta. Injin ya soma tarin nan nasa. Yana dab da mutuwa Baba ya matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo. Injin ya ɗan farfaɗo, ya sake faɗuwa. Ya sake tayarwa, wannan karon da ya soma tari sai ya ɗan ja cok, ba duka ba. Nan take muryar injin ta miƙe.

"Ka ji? Yunwa yake ji. Mai ba ya isar sa a silo."

Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Kafireta tana da ƙofofin mai guda biyu. Babbar tana aiki ne idan an buɗe totur. Ƙaramar, wadda suke ce wa silo-jet, ita ke ciyar da injin idan yana tafiya a hankali, raminta kuwa bai kai kafar allura ba. Ita ce take fara toshewa, shi ya sa injin yake gudu kamar doki a sama, ya mutu a ƙasa. Cok yana rage iska ya ƙara jan mai, to idan injin ya ji daɗin cok bayan ya riga ya yi zafi, ka san mai ne ya yi masa kaɗan. Matsa ƙwallon kuma yana gwada abin da ke tsakanin tanki da kafireta: tiyo, famfon mai, da hular tanki mai ɗan ramin shaƙar iska.

Duk da haka bai buɗe kafireta nan take ba. Ya ce sai ya wanke ringin da aka zarga tukuna. Ya kwance fulogi biyun, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya ɗauko wani tsohon agogon auna matsin silinda daga cikin tsumma, ya ɗaura a ramin fulogi na sama, ya sa ni jan igiya da ƙarfi. Ya maimaita a na ƙasa. Allurar ta tsaya kusan wuri ɗaya a duka biyun. Ya ce lafiyar ringi da fistin ƙalau. Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga kai.

Yadda ya buɗe kafiretar nan shi ne abin da ba zan manta ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, duk abin da ya cire sai ya jera shi bi da bi. Da ya kwance kwanon ƙasa ya juye abin da ke ciki a wata kwalba mai haske, ya ɗaga ya ce in duba. A ƙarƙashin fetur ɗin ga wani ɗigo yana mirgina kamar ƙwayar tsakiya. Ruwa ne. Gindin kwanon kuma ya yi wani kore-kore mai danƙo, ragowar man da ya bushe tun rani. Ya zaro silo-jet, ɗan ƙarfe ja bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya miƙo mini ya ce in kalli rana ta cikinsa. Ban ga komai ba. Ya jiƙa shi a fetur mai tsabta, ya fizgo sili ɗaya daga wayar wuta ta tagulla, ya zura a hankali yana murzawa da yatsu biyu, ya hura da famfon keke. Ya sake ba ni. Sai ga haske zagaye, tas. Ya gargaɗe ni kada in taɓa sa allura ko wayar ƙarfe a ciki, domin suna faɗaɗa ramin, daga nan injin ya koma shan mai fiye da kima kuma ba gyara sai sabo.

A tiyo ma ya sami laifi. Daidai inda yake shiga injin robar ta tsattsage, sai ka lanƙwasa za ka gani, tana zuƙar iska. Ya yanke wurin ya sake ɗaurewa. Da na bar tanki da tiyo a gida, da na koma ruwa da rabin ciwona. Tankin kuma ya sa yaronsa ya juye shi kaf, aka sami ruwa da tsatsa a gindi.

Kan baƙin mai ya ɗan daɗe da ni. Ya ce ma'aunin irin wannan injin kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato lita 25 rabin lita take ci. Ƙarin da nake yi da niyyar alheri shi ke jiƙa fulogi a silo, musamman da nake zuba man babur. Injin jirgi ruwa ke sanyaya shi, ba ya zafi kamar na babur, saboda haka yana da nasa man, mai rubutun TC-W3 a jikin roba. Ya kuma cire farfela, muka tarar da zaren birgi ya nannaɗe a sandar har ya fara cin robar da ke tare man giya. Ya leƙa ramin fitsari ya ce in riƙa toshe shi da rani, zanzaro yana son yin ɗaki a ciki.

Na ɗauka mun gama, sai ya ce a'a, silo ba a duro ake kammala shi ba. Hayaƙin injin jirgi ta ƙarƙashin ruwa yake fita, ruwan yana danne shi, ga nauyin jirgi a kan farfela. Injin da ya yi silo mai kyau a tudu zai iya mutuwa da an sa masa giya a kogi. Washegari da hantsi ya hau bayan babur ɗin ƙanena muka je bakin Galma. Ya zauna a bayan jirgi da sukudireba, ya bari injin ya yi zafi, ya sa giya, yana juya kusar iska kaɗan-kaɗan, kunnensa a karkace. Ya sassauta kusar silon da aka ɗaure a baya. Muka yi ta tafiya a hankali kamar mai tallar fura, gaba, baya, gaba, ya fi sau goma, injin bai ko yi tari ba.

Kuɗin aikinsa naira 15,000 ya karɓa, har da zuwa kogi, ban da fulogi biyu na NGK da gasket da na saya da kaina. Ban nemi ragi ba.

Yanzu ga inda na ga gazawa. Ba shi da sauri ko kaɗan. Aikin nan ya ci kwana uku, domin ranar farko ina zaune wani ɗan lambu ya kawo injin ban-ruwa, Baba ya ajiye nawa ya koma kansa, ya ce shukar mutumin ba za ta jira ba. Na fahimta, amma ni ma kwanakin nan ba shigar ko sisi. Waya kuwa ba ya ɗauka, sai ka je da ƙafarka. Ba ya ajiye kayan gyaran injin jirgi, ko gasket babu; na wuni ina yawo tsakanin Sabon Gari da PZ ban samu ba, sai da na aika Kano. Mai injin zamani babba, irin mai kwamfuta a ciki, kada ma ya wahalar da kansa, Baba da bakinsa ya ce bai san su ba. Amma mai Yamaha ko Suzuki ƙarami na haɗin mai, ban ga na biyunsa a garin nan ba. Idan za ka je, tafi da tanki da tiyo da man da ke ciki, ka kuma shirya kai shi bakin ruwa.

Mako shida ke nan ina aiki da injin kullum. Ina zuba birgi a silo daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da hannuna yana kan igiya ba. Na samo farin ƙyalle ina tace fetur kafin ya shiga tanki, na kuma yi wa wata roba alamar rabin lita. Idan zan ajiye shi fiye da mako guda sai in zare tiyo in bar shi yana aiki a cikin ruwa har ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa.

Saura robar famfon ruwa. Baba ya ce gudun da ta yi a bushe a kan bencin nan ya taɓa ta, fitsarin yana fita amma bai kai yadda yake so ba, kada in kai ta wata daminar. Na ba da saƙo a kawo mini daga Legas. Ranar da na koma gaya masa, na tarar yaran rumfar duk suna kan janareto, ba ko ɗaya da ya leƙa duron nan. Na tambaye shi ko zai karɓi ƙanena ya koya masa na jirgi. Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce in kawo shi ranar Asabar bayan sallar Azahar, tare da robar idan ta iso, a kanta zai fara.