Littafin haɗa ɗigo da na siyo wa autata

Sati uku kenan da na siyo wannan littafin haɗa ɗigo-ɗigo a Sabon Gari wajen masu littattafan yara, bari in faɗi yadda muka yi da shi ko wata uwar za ta amfana.

Autata shekararta huɗu, ƙirge kam ta iya shi kamar karatun allo, ɗaya biyu uku har ashirin ba gargada, amma ki rubuta mata 14 ki ce meye wannan sai ta tsaya tana kallonki tana tsotsar yatsa. Ashe hadda ce zalla. Shi littafin ya fara daga 1 zuwa 10, sai 20, can ƙarshe har 50, yaro zai ja layi da fensir daga lamba zuwa ta gabanta, in ya bi daidai sai kifi ko kaza ta fito. Abin da ya burge ni, hoton ne ke kama ta in ta yi kuskure ba sai na ɗaga murya ba. Rannan daga 11 ta zarce 21 a zatonta 12 ce, layi ya ratsa cikin kazar, ta ɗago ta ce Umma wannan kazar motar ce ta take ta? Da kanta ta goge ta nemo 12. Rikicin 6 da 9 ma ya ragu, duk da dai Islamiyya na ƙara mana aiki, don shidan Larabci kamar 7 take, biyar kuma kamar sifili.

Matsalarsa takardar ba kauri wallahi, kilina sau biyu sai ta huje, kala kuma na ɓullowa ta baya. Shafukan 50 ɗin lambobin ƙanana ne sun cunkushe, ni ma sai da na sa tabarau. Sannan wasu hotunan ba namu ba ne, ta gama haɗa mutumin ƙanƙara tana tambayata wane aljani ne wannan mai hancin karas.

In za ki siya ki fara kai shi a yi miki fotokwafi, ki ajiye na asalin. Ni yanzu ma da kaina nake ɗiga mata a bayan kwalin taliya, jiya tulu muka yi, ɗigo sha biyar.