Sarƙar ɗaga kaya ko kiren mai taya?

Mai aiki shi kaɗai ya tausaya wa bayansa, ya samu ɗaya cikin biyun nan.

Sarƙar ɗaga kaya ba ta cin wuri, kuma birkinta na riƙe nauyi ko ka saki hannu. Sai dai dole a rataye ta a ƙarfe mai ƙwari, kuma sama da ƙasa kawai take yi.

Kiren mai taya kuwa, wanda ke aiki da jak, yana ɗaga inji, ka tura shi inda kake so. Amma a kula: mai ɗaukar tan 2 kan koma ɗaukar rabin tan kawai idan aka zaro hannunsa duka, tayoyinsa kuma suna cijewa a daɓe mai rami.

Ni dai kiren na fi so, domin matsar da kaya ya fi karya baya.