Gargaɗi: Kada ku bar wa mai gyara cajar laftof ɗinku ta asali

'Yan'uwa, musamman ɗalibai da masu shagon buga takardu, akwai cutar da wasu masu gyaran laftof suke yi, kuma tana ci min rai. Cajarka ta daina kawo wuta, ko sai ka lanƙwasa wayar take kawowa. Ka kai wa mai gyara, ya jona, ya girgiza kai, ya ce ta ƙone. Sai ya zaro wata daga ƙarƙashin tebur, wai orijina ce 'yar Beljiyam, ka bar masa taka ya rage maka kuɗi. Kana juya baya zai haɗa wayar cajar taka ya sayar wa wani da tsada, kai kuma ka tafi gida da jabu.

Cajar da take kawo wuta idan an motsa wayarta ba ta ƙone ba. Wayar ce ta tsinke daga ciki saboda yawan naɗewa, galibi a wuyan da ke shiga laftof ko inda ta fito daga akwatin cajar. Wannan gyara ne da mai haƙuri zai iya yi da kansa. Ka cire ta daga soket, ka yanke wurin da ya lalace, ka feɗe robar. Za ka ga waya a tsakiya da wata saƙaƙƙiya da ta kewaye ta. Cajar Dell da HP tana da ta uku, siririya, mai zuwa allurar da ke tsakiyar bakin caja. Idan ba a haɗa ta ba, Dell za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, shi ya sa wasu suke zaton batirinsu ya mutu. Kowace waya a haɗa ta da 'yar'uwarta da dalma, a naɗe ta daban da salatif na wayar wuta, kada su taɓa juna.

Akwatin kansa kada ka buɗe. A ciki akwai kafasito mai riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an cire daga soket. Wayar da ke zuwa bango kuwa bolt 230 take ɗauka, ba a yi mata faci, sabuwa ake saya.

Jabun da suke ba mutane ba ta da nauyi. An rubuta mata wat 65 amma ba ta kaiwa, tana zafi sosai, kibiyar allo tana tsalle da kanta idan an jona ta, wata ma ta ƙona laftof ɗin. Wayarta alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe.

Idan dole sai ka je wurin mai gyara, ka ce ya auna cajar da mitar gwada wuta a gabanka. Yawancin HP da Dell bolt 19.5 suke nunawa, Lenovo bolt 20, kuma an rubuta a bayan cajar. Ko ya rantse ta ƙone, ka ɗauko kayarka ka tafi da ita.