Azolla ko Kainuwa Mai Fure? Azolla Za Ka Ɗauka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin azolla, wato 'yar ƙaramar ciyawar nan da ke yawo a saman ruwa, da kainuwar nan mai fure da ka ce ana yi maka tallarsu, don kwamin kifinka na tsakar gida da akwatin gilashin da ke falo, azolla za ka ɗauka. Ita ce a gidana, kuma da za ta ƙare yau, gobe zan tafi neman wata.

Tawa daga hannun wani dattijo mai kiwon karfasa a unguwarmu ta fito. Na je sayen 'ya'yan kifi, sai na hango wani bahonsa a gindin darbejiya, samansa kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ko ɗigon ruwa ba a gani. Da na tambaya, ya sa hannu ya ɗebo min cikin tafi ɗaya, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce abin da ke haihuwa da kansa ba a sayar wa maƙwabci. Na kawo gida na zuba a tsohon baho mai ɗan ruwa da ƙasa. Kafin wata ya zagayo na fara neman inda zan kai rarar. Yanzu da safe uwargida ce ke kwasa da rariya, ta ɗauraye, ta watsa wa karfasa rabi, sauran ta cuɗa da dusa ta ba kaji. Idan ka tsaya a bakin kwamin za ka ji ƙarar bakin kifin, cak-cak, suna tsinkar ta daga ƙasa har sai sun buɗe fili a tsakiya. Kajin kuwa da sun ga rariya a hannunta sai su biyo ta da gudu.

Idan ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba, ba ta fi faɗin farce ba. Ganyayenta ƙanana ne ainun, suna hawa kan juna, ga 'yan siraran saiwoyi suna reto a ƙasa. Danna ta cikin ruwa da yatsa, za ta taso a bushe, ruwan ya dunƙule a kanta ya gangare. Ka riƙe wannan siffar, za ta yi maka amfani wurin masu sayarwa.

Dalilin da ya sa take saurin yaɗuwa ba tare da an kashe mata kuɗin taki ba shi ne, a cikin ganyenta akwai wata ƙaramar halitta da ake kira Anabaena, wadda ke jawo sinadarin naitirojin daga iska ta ciyar da ita. Shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna sakin ta a gonakinsu a matsayin taki. Idan yanayi ya yi mata daɗi tana ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 10. Yuriya ba ta dame ta ba. Abin da take nema shi ne sinadarin da ke cikin takin sufa, ko kashin shanu da ya riga ya ruɓe. Ruwa mai zurfin santimita 10 zuwa 15 ya ishe ta. Ni shawarata ka ware mata bahonta daban, nan za ka riƙa sa mata taki, kana ɗiba kana kai wa kifi. Kada ka zuba kashin shanu a kwamin da kifin ado suke ciki don kana son ta yi kyau.

Amma kada a ruɗe ka da zancen furotin. Gaskiya ne busasshiyar azolla tana da furotin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Sai dai ɗanyarta, wadda kake kwasa da rariya, sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. Karfasa tana cin ta sosai, kifin ado masu cin ganye ma haka, agwagi kuwa ba a magana. Tarwaɗa fa? Tarwaɗa mai son nama ce, abincinta na buhu furotin ɗinsa yakan kai kashi 40 cikin ɗari. Za ta ɗan taɓa, amma ba za ta yi ƙiba da ita ba. Idan tarwaɗa ce a kwaminka, amfanin azolla a wurinka inuwa ce, da tsotse ƙazantar ruwa, da rage koren ruwan nan da rana ke haifarwa. Ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba.

Inda take ba da wahala shi ne zafi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30, idan ya haura 35 sai ta fara galabaita, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri watan Afrilu yakan taɓa 40. Da bazara za ka ga ta rikiɗe ta yi ja, ta daina yaɗuwa, gefen da rana ta fi duka ya ƙone. Jan ba mutuwa ba ce, alama ce ta cewa rana ta yi mata yawa ko taki ya yi ƙasa. Ka yi mata rumfar zana, ko ka ja bahon inda zai sami ranar safe kawai, ka riƙa cika ruwan da ya ragu. Ni a wannan lokacin nakan ɓoye ɗan iri a roba a lungun da ya fi ko'ina sanyi a gidan, idan damina ta sauka sai in sake yaɗa ta daga nan. Idan ruwan famfo za ka zuba mata, ka bar shi ya kwana a buɗe tukuna saboda maganin da ake sa masa.

Wani abin da bai kamata ka yi wasa da shi ba, ko da wace ce ka saka: kada ka bari ta rufe saman kwamin gaba ɗaya. Ciyawar da ke yawo a saman ruwa tana tare iska ta hana ta shiga, ta kuma hana haske isa ƙasa, da daddare iskar shaƙa ta yi ƙasa, gari ya waye ka tarar da kifi sun taru a sama suna haki. Ita tarwaɗa ma dole ta riƙa tasowa tana shaƙar iska da baki, tana buƙatar fili. Dabarar mai sauƙi ce. Yanki tiyo, ka haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, ka toshe yadda ruwa ba zai shiga ba, ka ɗora a saman ruwan, ka zuba azolla a ciki. Aƙalla rabin saman ruwan ya zauna a buɗe.

A akwatin gilashi ma zoben nan ne mafita. Can matsalarta haske. Falo mai labule ba ya ishe ta, sai da fitila mai ƙarfi a saman akwatin. Ba ta kuma son ruwan da injin tacewa ke kaɗawa, yana nutsar da ita yana tsotse ta, kuma idan murfin a rufe yake ruf, gumin da ke ɗigowa yakan ruɓar da ita. Ka ɗan ɗaga murfin, ka sa zoben nesa da inda ruwa ke zubowa. Idan ta lalace ba asara, ka ɗebo sabuwa daga baho.

Ita kuwa kainuwa mai fure, furenta yana da kyau, kuma 'ya'yan kifi suna samun maɓoya a saiwarta. Iyakar abin da zan iya faɗa mata na alheri ke nan. Na taɓa sayenta wurin masu furanni na bakin titi, kuɗin da har yau nake jin zafinsa. Kifi ba sa cin ganyenta. Saiwarta doguwa ce baƙa, tana kakkaɓe datti ya taru a ƙasa ya toshe bututun fitar da ruwa. Tana shan ruwa ta fitar ta ganye, kwami ya riƙa raguwa, ga shi ruwan nan saye ake yi wurin 'yan garuwa. A cikin falo kuwa ba ta rayuwa ma, rana take so tsagwaronta, kuma tsayinta ya fi ƙarfin akwatin gilashi. Furen da aka saye ta dominsa kwana ɗaya ko biyu yake yi ya yanƙwane.

Abin da ya fi damuna da ita shi ne inda take zuwa idan ta bar gidanka. Ba tamu ba ce, asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma don ado aka yi ta yawo da ita a duniya, kamar dai yadda ake son sayar maka yanzu. A 1984 ta shigo Najeriya ta ruwan Badagry daga Jamhuriyar Benin, har yau kuma masu jiragen ruwa a Legas suna fama da ita duk shekara. Ta bi kogin Kwara, mutanen Yamai sun san ta, masuntan tafkin Kainji sun san ta. A tafkin Victoria, wajen 1997, ta toshe tashar jiragen Kisumu ta Kenya har kamun kifi ya tsaya, sai da aka saki wasu ƙwari masu cin ta kafin aka samu sauƙi. Tarayyar Turai ta haramta sayar da ita tun 2016. Tana ninka kanta cikin kamar mako biyu, irinta kuma yana iya kwanciya a laka shekara 20 ya tsiro. Wanda ya ga abin da ciyawar kachalla ta yi wa fadamun Hadejia da Nguru, yadda ta cinye hanyoyin ruwa da wuraren kamun kifi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kwando ɗaya da yaro zai zubar a kwata da damina ya isa ya kai ta kududdufin unguwa.

Kada kuma a haɗa ta da kainuwarmu ta gida, mai ganye a buɗe mai laushi, marar dogon fure. Waccan ta fi ta dama-dama a kwami, amma kifi ba su cika cin ta ba, kuma akwai wani irin sauro da 'ya'yansa ke maƙalewa a saiwarta suna shaƙar iska daga nan. A tsakar gidan da yara ke kwana a waje, ni ba zan ajiye ta ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don tun da azolla ta yi suna 'yan damfara suka shigo harkar. Wani zai je kududdufi ya kwaso ƙananan koren ganyen nan masu zagaye da ke rufe ruwan kwata, ya ƙulla a leda ya ce azolla ce. Ba ita ba ce. Wancan ganye ɗaya ne ko biyu sumul, ita kuwa azolla ganyenta a jere yake yana hawa kan juna yana rassa. Kifi suna cin wancan ɗin ma, amma ba kuɗinsa ka biya ba, kuma idan ya shiga akwatin gilashi fitar da shi aiki ne. Wani zai auna maka a kilo ruwa na zuba daga ledar. Wani zai turo maka hoton da ya ɗauko a intanet, ka tura kuɗi, a ɗaure ta a leda ba iska a jefa bayan mota, ta iso maka baƙa tana wari. Mafi muni shi ne mai cewa idan ka saya ka rabu da sayen abincin kifi har abada. Duk wanda ya faɗa maka haka, ko bai taɓa kiwon kifi ba, ko ya san ƙarya yake yi. Ka ce ya ɗauki bidiyon bahonsa a ranar, ya sa hannu ya ɗebo ka gani kusa. Idan da hali ka je da ƙafarka. Kuma kada ka sayi da yawa, cikin tafi biyu ya isa iri, mai matsa maka ka ɗauki buhu aljihunka yake kallo.

Ko daga hannun wa ta fito, kada ta shiga wurin kifinka kai tsaye. Ka ɗauraye ta, ka ajiye ta a roba ita kaɗai na mako biyu, kana dubawa. Ciyawar da aka ɗebo daga ruwan waje takan zo da matsattsaku da ƙwan kwaɗi da ƙananan dodon koɗi, kuma wasu daga cikin dodon koɗin nan su ne ke ɗauke da cutar tsargiya mai sa fitsarin jini. Idan ka ga ko ɗaya, tsince shi, ka canza ruwan, ka ƙara mata kwanaki.

Rarar da za ta riƙa taruwa kuma, ita ma azolla ba a zubar da ita a kwata ko rafi. Wani nau'inta ya taɓa rufe madatsun ruwa a Afirka ta Kudu har sai da aka shigo da ƙwaron da ke cin ta a 1997. Abin da kaji da awaki suka bari, ka shanya a rana ya bushe, ka zuba a gindin shuka. Idan kuma an riga an kawo maka mai furen, ka tsame ta ka shanya a kan siminti har ta bushe ƙayau, sannan ka ƙone.